Lambar da ta fi ƙarfin rumbun sarki: me ke cikin 18,446,744,073,709,551,615?

Alƙaluma ashirin ne a jere: 18,446,744,073,709,551,615. Mai son karanta ta da baki sai ya tsaya ya ƙirga waƙafi tukuna, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ya ce biliyan sau biliyan, har sau 18 da 'yan kai. Yawancin waɗanda suka taɓa cin karo da ita a labarin shataranji suka gan ta, wato darar mutanen Indiya mai gida 64. An ce wanda ya ƙirƙiro wasan ya burge sarki, sarki ya ce masa ya faɗi tukuicinsa. Sai ya ce ƙwayar alkama ɗaya yake so a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, a yi ta ninkawa har gida na 64. Sarki ya raina roƙon, sai da ma'aji ya zauna da lissafi aka gane babu rumbun da zai biya. Malamin tarihi Ibn Khallikan ya kawo labarin a ƙarni na 13, amma tun wajen shekarar 1000 masanin lissafi da taurari Al-Biruni ya riga ya rubuta lambar cif-cif, ba tare da na'ura ba.

Girmanta ba abin musu ba ne. A ƙaddara ƙwaya 20 ke yin giram ɗaya. Rabin allon, gida 32, zai ci kamar tan 215, abin da tireloli bakwai ko takwas za su kwashe. Allon gaba ɗaya kuwa ya haura tan biliyan 900, alhali alkamar da duniya ke nomawa a shekara ba ta kai tan biliyan ɗaya ba. Da a darar da dattawa ke bugawa a ƙasa a gindin dalbejiya aka yi wannan ciniki, mai gurbi 30, biyar a shida, da jimillar ta tsaya a ƙwaya 1,073,741,823, buhu dubu da ɗoriya na kilo 50. Babban ɗan kasuwar hatsi ɗaya a Sakkwato zai iya biyan wannan bai girgiza ba.

A nan masu ba da labarin ke tsayawa, a yi salati, a watse. Ni kuwa a ganina nan ne wurin da ba shi da daɗi sosai. Girma ba ya gaya maka komai game da halin lamba. Abin da masana lissafi ke tambaya idan aka ajiye musu lamba irin wannan shi ne: me ke raba ta, me ba ya raba ta, da me aka gina ta? Kuma wannan lamba tana cikin 'yan ƙalilan da amsar ke ɗauke da tarihi.

Da farko, daga ina ta fito? Gida biyu na farko sun ba da 3, wato 4 ba ɗaya. Gida uku sun ba da 7, wato 8 ba ɗaya. Gida huɗu 15, wato 16 ba ɗaya. Kullum jimilla tana gaza abin da za a zuba a gida na gaba da ƙwaya ɗaya tak. Saboda haka jimillar gida 64 ita ce a jera 2 guda 64 a ninka su, abin da ake rubutawa 2⁶⁴, sannan a cire ɗaya. Ba ma sai an yi ninki 64 ba: 16 sau 16 ya ba da 256, 256 sau kansa 65,536, wannan sau kansa 4,294,967,296, shi kuma sau kansa ya kai mu gida. Taki huɗu ke nan.

Mai rabon gado shi ne ya fi kowa sanin tambayar farko, domin da ita yake kwana yake tashi. Kason da Alƙur'ani ya yanke shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Shi ya sa ɗalibin da ke karatun gado a zaure yake haddace 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24 a matsayin asalin mas'ala, don su ne lambobin da kason ke fita a cikinsu ba gutsure. A ɗauka ƙwayoyin nan dukiyar mamaci ce. Wuturi ce, ba shafa'i ba, don haka rabi ba ya fita, ƙwaya ɗaya za ta yi saura. Rubu'i zai bar 3, sumuni zai bar 7, sudusi zai bar 3. Sulusi da sulusi biyu kaɗai ke fita lafiya lau. Ana gane haka ta hanyar tara alƙaluman ashirin ɗin: sun ba da 87, kuma 3 tana raba 87, amma 9 ba ta raba shi. Ashe 3 na cikinta sau ɗaya, ba ta maimaita ba. Ƙarewar da ta yi da 5 kuma ta nuna 5 na ciki. Bakwai ba ta shiga, saura ɗaya take bari.

Akwai wani bambanci da ya kamata a tsaya a kai, domin jerin sifofin lamba da ake samu a intanet yakan cakuɗa komai wuri guda. Cewa tana da alƙaluma ashirin, ta ƙare da 5, alƙalumanta sun taru sun ba da 87, duk wannan sifar rubutu ce, ta samo asali daga ƙirgar goma-goma da muka saba. A rubuta ta da ƙirgar biyu-biyu irin ta kwamfuta, inda babu komai sai 0 da 1, sai ta koma 1 guda 64 a jere. A ƙirgar huɗu-huɗu, 3 ce guda 32. Duk waɗancan sifofi sun ɓace. Amma cewa 3 na raba ta, 7 ba ta raba ta, wannan babu rubutun da zai canza shi. Irin waɗannan su ne sifofin da suka cancanci a ɓata lokaci a kansu.

Kowace lamba cikakkiya da ta wuce 1 ɗayan biyu ce. Ko dai babu mai raba ta sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 11, waɗanda za mu kira lambobin tushe, ko kuma haɗaɗɗiya ce, an gina ta da ninka lambobin tushe, kuma hanya ɗaya tak ake warware ta. Tamu haɗaɗɗiya ce tunda 3 da 5 sun shige ta. Sauran fa? Wanda ya ce zai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa da alƙalami zai sha wuya. Amma siffarta ta ba da ƙofa. Duk lambar da aka ninka da kanta aka cire ɗaya, daidai take da ninkin maƙwabtanta biyu: 10 sau 10 ba ɗaya shi ne 99, wato 9 sau 11. To 2⁶⁴ ninkin 2³² ne da kansa, shi kuma ninkin 2¹⁶ ne da kansa, haka har ƙasa. Idan aka faro daga ƙasan aka hau, ga yadda abin ke tafiya. 3 sau 5 ya ba da 15. 15 sau 17 ya ba da 255, jimillar layin farko na allon. 255 sau 257 ya ba da 65,535, jimillar layi biyu. 65,535 sau 65,537 ya ba da 4,294,967,295, jimillar rabin allo. Wannan kuma sau 4,294,967,297 shi ne lambarmu ɗungurungum.

Dubi abin da ke faruwa a kowane mataki: sabuwar lambar da ake shigowa da ita ninkin duk na baya ce a ƙara 2. Wannan ƙaramin abu yana da babban sakamako. Idan akwai lambar da ke raba sabuwar kuma tana raba ɗaya daga cikin na baya, dole ta raba tazarar da ke tsakani, wato 2. Amma dukkansu wuturi ne, 2 ba ta shigarsu. Ke nan babu biyu a cikinsu da suka haɗa mai rabawa. Masanin lissafi Christian Goldbach ya lura da wannan a wasiƙarsa ga takwaransa Leonhard Euler a 1730, kuma daga nan kaɗai ana iya tabbatar da cewa lambobin tushe ba su da iyaka, tunda jerin ba ya ƙarewa kuma kowane mataki sai ya kawo aƙalla sabuwa guda.

Yanzu a dubi gutsattsarin: 3, 5, 17, 257, 65,537. Duka biyar ɗin lambobin tushe ne. Pierre de Fermat, wani alƙali a birnin Tulus na Faransa wanda lissafi ya zame masa abin hutu, ya ga haka a 1640 ya rubuta wa abokansa cewa ya yi imani duk lambobin wannan jeri na tushe ne har abada, ko da yake ya amsa cewa ba shi da hujja. Sau biyar a jere abu ya zo daidai, wa zai zarge shi? Sai dai kama da wane ba ta wane. Ta shida a jerin, 4,294,967,297, ita ce ta ƙarshe a cikin lambarmu, kuma ta zauna shekara 92 ba wanda ya fasa ta. A 1732 Euler, ɗan ƙasar Suwizalan mai shekara 25 da ke aiki a Rasha, ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 ce. (A shekarar nan dai ake cewa Muhammad ɗan Muhammad Al-Katsinawi, Bafulatanin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta aikinsa kan yadda ake tsara hatimin lambobi mai gida wuturi, wanda kowane layi ke ba da jimilla ɗaya. Babu alaƙa tsakanin ayyukan biyu, amma yana da kyau ɗalibin ƙasar nan ya san cewa a lokacin nan akwai namu a fagen.)

Euler ba laluben duhu ya yi ba. Daga baya ya bayyana cewa duk lambar tushen da za ta raba wannan lamba dole ta zama ninkin 64 da ƙarin ɗaya. Wannan ya zubar da kusan kowa daga layi, ya bar 193, 257, 449, 577, 641 da na bayansu. A gwaji na biyar ƙofa ta buɗe. Akwai ma hanyar da ɗan sakandare zai tabbatar da abin ba tare da doguwar rabawa ba, domin 641 fuska biyu gare ta: ita ce 5 sau 128 da ƙarin 1, kuma ita ce 625 da 16. A yi lissafin saura, wato duk abin da ya cika 641 a zubar da shi. Fuskar farko na cewa 5 sau 128 ya gaza cika da ɗaya, daidai yake da −1. A jera shi guda huɗu a ninka: 5 guda huɗu sun ba da 625, 128 guda huɗu sun ba da 2²⁸, −1 guda huɗu kuma sun koma +1. Ke nan 625 sau 2²⁸ saura 1 yake bari. Fuska ta biyu na cewa 625 ya gaza cika da 16, daidai yake da −16. A sa −16 a gurbin 625, sai a sami −2³² daidai da 1. Ma'ana idan aka ƙara wa 2³² ɗaya, 641 ta raba shi tas. Layi biyar ne a takarda, ga abin da ya kuɓuce wa Fermat.

Cikakkiyar warwarar lambarmu ke nan: 3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417. Lambobin tushe bakwai, babu wadda ta zo sau biyu. Biyar daga ciki su ne duk lambobin tushen Fermat da duniya ta sani har yau, biyun da suka rage kuma su ne suka rushe hasashensa.

Daga wannan layi ɗaya sauran rabe-raben ke fitowa. Tunda babu maimaici, babu wani murabba'i, wato lambar da aka samu ta ninka wata da kanta, kamar 4, 9 ko 25, da ke raba ta. Masu raba ta kuma ana samunsu ne ta zaɓe: kowace daga cikin bakwai ɗin ko ka ɗauke ta ko ka bar ta, zaɓi biyu sau bakwai, jimilla 128. Wannan kaɗan ne ƙwarai. Lamba 720,720, mai alƙaluma shida kacal, masu raba ta 240 ne, kuma duk lambobin 1 zuwa 16 suna shigarta. Mai rabon gado zai fi son ta nesa ba kusa ba.

Sai tsohon rabon lambobi gida uku da ya zo daga Girkawa ya shiga littattafan Larabci ta hannun Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya fassara littafin lissafi na Bagirike Nikomakus a Bagadaza a ƙarni na 9. A tara duk masu raba lamba ban da ita kanta. In jimillar ta yi daidai da ita, kammalalliya ce, kamar 6 da ke fitowa daga 1, 2 da 3, ko 28, 496, 8,128. In ta zarce, mai rara ce: masu raba 24 sun taru sun ba da 36. In ta gaza, mai naƙasa ce. Ba sai mun tara lambobi 127 da hannu ba. Kowace lambar tushe tana ba da nata ƙarin: 3 ta ba da 4 bisa 3, 5 ta ba da 6 bisa 5, 17 ta ba da 18 bisa 17, haka har ƙarshe. In aka ninka waɗannan, sai a ga sau nawa jimillar masu rabawa, har da lambar kanta, ta ninka lambar. Biyun farko sun kai 1.6, 17 ta ɗaga shi zuwa kusan 1.69, sauran huɗun duka da ƙyar suka tura shi 1.70. A cire ita kanta, saura kusan kashi 70 cikin ɗari. Mai naƙasa ce, duk girmanta. Ba abin mamaki ba ne ga wuturi, domin duk lambobin da ke ƙasa da 945 masu rara shafa'i ne. Manyan gutsattsari kamar 6,700,417 suna kumbura lamba ne kawai, ba su ƙara mata masu rabawa na kirki.

Saura 7 ɗin nan da sumuni ya bari ma yana da magana. Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba ana iya rubuta ta a matsayin tarin murabba'i huɗu ko ƙasa da haka. Amma duk lambar da ta bar 7 idan an raba ta da 8, uku ba sa isar ta. Tamu sai da huɗu cif.

Inda abin ya fi ba ni mamaki shi ne zane. Tun zamanin Girkawa ake tambayar wace siffa mai gefuna daidai-wa-daida ake iya zanawa da rula da kamfas kaɗai. An san mai gefe 3, 4, 5, 15 da ninkinsu biyu-biyu, daga nan aka tsaya kusan shekara dubu biyu. A 1796 Carl Friedrich Gauss, bai cika shekara 19 ba, ya nuna cewa mai gefe 17 tana zanuwa, kuma dalilin shi ne 17 lambar tushen Fermat ce. Ƙa'idar, wadda Pierre Wantzel ya ƙarasa tabbatarwa a 1837, ita ce: idan yawan gefen wuturi ne, sai ya zama ninkin lambobin tushen Fermat mabambanta. Shi ya sa mai gefe 7 ko 9 ba ta zanuwa daidai komai ƙwarewar hannu. Wani Bajamushe, Johann Hermes, ya kashe kimanin shekara goma yana tsara yadda za a zana mai gefe 65,537, ya kammala a 1894, kuma takardunsa na ajiye a jami'ar Gotinjen. To jimillar rabin allonmu, 4,294,967,295, ninkin duka biyar ɗin ce, don haka ita ce wuturi mafi girma da aka san siffarta na zanuwa. Jimillar allon gaba ɗaya kuwa ba ta zanuwa, 641 ta ɓata lamarin.

Mu koma kan darar gurbi 30. Jimillarta, 1,073,741,823, ta warware zuwa 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331, ga maimaici, ga 7 ta shigo. A haƙa gurbi ɗaya a ƙara, su zama 31, sai a sami 2,147,483,647, wadda babu mai raba ta sai 1 da ita kanta. Euler ne ya tabbatar da haka a 1772. Dalilin bambancin shi ne yawan gurabun: idan shi kansa yana rabuwa, jimillar ma dole ta rabu, kuma 30 da 64 duk suna rabuwa. Idan lambar tushe ne kamar 31, akwai dama amma babu tabbas, don gurbi 11 yana ba da 2,047, wato 23 sau 89. Wannan dangi na lambobi sunan Marin Mersenne suke ɗauke da shi, wani limamin Kirista Bafaranshe na ƙarni na 17, kuma a cikinsu ake farautar manyan lambobin tushe. A watan Oktoba na 2024 aka gano lambar tushe ta 52 a cikinsu, mai gurbi 136,279,841, wadda rubuta ta ke cin alƙaluma 41,024,320. Kowace irin wannan tana haifar da kammalalliyar lamba guda, kamar yadda Iƙlidis, masanin lissafin Girkawa, ya nuna tun kafin haihuwar Annabi Isa.

Waɗannan lambobi suna cikin aljihunmu ba mu sani ba. Yawancin wayoyi da kwamfutocin yau suna ajiye lamba a gurabu 64, kowane gurbi 0 ko 1. Idan duk suka cika da 1, lambar ma'ajin sarki ce ta fito, kuma ita ce iyaka. A ƙara ɗaya sai komai ya koma sifiri, kamar mitar tsohuwar mota da ta cika tara-tara ta juya. Tsofaffin na'urori masu gurbi 32 da ke ƙirga daƙiƙu tun daga farkon 1970 suna tsayawa ne a 2,147,483,647, domin gurbi 31 kawai suke ƙirga da su, kuma za su kai can ranar 19 ga Janairu, 2038, shi ya sa ake ta sauya su. Mai gurbi 64 kuwa, ko da sau biliyan yake ƙirgawa a kowace daƙiƙa, sai ya shekara 584 kafin ya cika. Ita ma 65,537 tana da aikin yi. Tsarin kulle saƙo na RSA, wanda aka fitar a 1977 kuma bankuna da shafukan intanet ke amfani da shi, ya dogara ne kan cewa ninka manyan lambobin tushe biyu abu ne mai sauƙi amma warware su ya gagari na'ura. A yawancin makullansa 65,537 ake ɗauka a matsayin lambar fili, wato sashen makullin da ba a ɓoyewa, saboda ta tushe ce kuma a ƙirgar biyu-biyu 1 biyu kawai gare ta, abin da ke sa lissafin ya yi sauri. Mai POS a bakin tsohuwar kasuwa ba ya bukatar sanin Fermat kafin kuɗi su shiga.

Maƙwabtan lambarmu ba su bi halinta ba. Mai bi mata, 2⁶⁴, babu komai cikinta sai 2 zalla. Ta gaba da wannan, mai ƙarewa da 617, ita ce ta bakwai a jerin Fermat, kuma ita ma ta fashe a ƙarni na 19 zuwa 274,177 sau 67,280,421,310,721. Mai neman lambar tushe mafi kusa ta ƙasa kuwa sai ya ja baya taki 58, zuwa mai ƙarewa da 557. Idan aka fara ƙirga jerin Fermat daga sifiri, an tabbatar cewa daga ta 5 har ta 32 duk haɗaɗɗu ne, har da ta 20 da ta 24 waɗanda aka san suna rabuwa amma ba a gano ko mai raba su ɗaya ba. Ta 33 tana da alƙaluma sama da biliyan biyu da rabi, kuma har yanzu ba a yanke mata hukunci ba.